Tabon Albasa a Bangon Falonmu

Abin da na fara gani ranar da muka shiga gidan Alhaji a Adjamé shi ne famfo da kwaɗo a wuyansa. An kifa masa gwangwanin madara a kai, an huda gefe biyu, an zura kwaɗon ta ciki. Shekarata goma a lokacin, kwana uku da isowarmu daga Kano ni da Umma, kuma ban taɓa ganin an kulle ruwa ba. Na tsaya ina kallonsa har sai da Umma ta dafa kafaɗata ta ce in gaida mutane.

Gidan irin wanda ake kira kur ne a nan: tsakar gida ɗaya, ƙofofi bakwai suna kallon juna, banɗaki biyu a can ƙurya. Alhaji mai gidan da matarsa Hajiya suna zaune a ɓangaren da ke bakin ƙofar shiga, don haka ba mai shiga ko fita ba su gan shi ba. Mu aka ba mu ciki da falo a ƙofa ta huɗu. Baba ya riga mu zuwa Abidjan da shekara biyu, yana yi wa wani ɗan kasuwa lissafin kaya, yana kwana a shago, sai da muka zo ya nemi ɗaki.

A Abidjan aka haifi Alhaji, amma mahaifinsa daga Damagaram ya zo. Albasa yake sarowa daga Nijar yana sayarwa buhu-buhu a kasuwar Adjamé. Da ya ji Baba Bakano ne sai ya tuntsire da dariya, ya ce to Allah ya kawo masa bawa har gida. Baba ma ya yi dariya ya ce ai Badamagare ba ya tara gida sai Bakano ya zo ya koya masa shara. Na tsorata, na ɗauka faɗa za a yi. Daga baya Umma ta yi mini bayani cewa tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, kuma ba a yin fushi.

A kan tabarmar Alhaji Baba ya ƙirga kuɗin. Haya jaka arba'in ce a wata, jaka ɗaya kuwa sefa dubu ke nan. Ban da hayar, ya ba da jaka tamanin ta abin da ake kira kosiyon, kuɗin da mai gida yake riƙewa har ranar da za ka tashi, ya duba ɗakinsa, in ba ka yi ɓarna ba ya mayar maka. Da Alhaji ya cusa kuɗin a aljihun gaba, Baba ya yi ƙasa da murya ya tambaya ko za a ɗan rubuta wani abu.

"Ka ji Bakano," in ji Alhaji, yana juyawa wajen maƙwabta biyu da ke zaune. "Goro ɗaya za su saya sai sun nemi rasit. Gida ɗaya za mu kwana, masallaci ɗaya za mu yi salla, takardar me kake nema?"

Aka yi dariya, har da Baba. Aka shafa fatiha, aka ba mu makulli.

Kayanmu ba su da yawa. Babba a cikinsu shi ne keken ɗinkin Umma, irin na taka ƙafa, wanda ta gada a wajen mahaifiyarta. A kwance muka taho da shi cikin mota, kan keken naɗe da bargo a kan cinyarta tun daga Kano. Ta kafa shi a falo gindin taga. Kafin wata uku matan gidan da na maƙwabta sun san hanyar ƙofarmu. Albashin Baba na haya ne da abinci. Littattafaina, rigar makaranta, kuɗin karin safe, duk daga ƙarƙashin allurar nan suke fitowa. Hajiya kaɗai ce ba ta biya. Umma ta ce ba a karɓar kuɗin ɗinki a hannun matar mai gida, ita kuma Hajiya ba ta taɓa matsawa ba.

Ba na son magana, ballantana da Faransancina ya zo a makare, yara suna kwaikwayon yadda nake furta kalmomi. Sai na koma kallo. Na san wace ƙofa ce take ƙara, na san ƙarfe nawa Hajiya take buɗe famfo da nawa take rufewa, na san Alhaji yana ƙirga bokitan kowa da carbinsa ba tare da ya ɗaga kai ba. Yana kirana 'yar lakwal, wato 'yar makaranta. Wani lokaci yakan miƙo mini takardar kuɗin wuta in karanta masa, ya ba ni alawa.

A shekararmu ta biyu, ana tsakiyar damina, kakata ta wajen uba ta rasu. Lokacin babban hutu ne, muka tafi Kano gaba ɗayanmu. Baba ya biya hayar wata biyu kafin mu tashi, ya kai wa Alhaji makullin falo. Haka ake yi a gidan. In ka yi tafiya ka tafi da makullinka, kamar ka ce ba ka yarda da mai gida ba ne. Umma kuwa ta ja kekenta zuwa uwar ɗaki, ta sa wa ƙofar ciki nata kwaɗon, ta ɗaure ɗan makullin a bakin zaninta.

Mako bakwai muka yi. Da Baba ya buɗe falon, wari ne ya fara tarar mu, warin ruɓaɓɓiyar albasa mai shiga maƙogwaro. An share ɗakin, amma sharar gaggawa. A bayan ƙofa na tsinci ɓawon albasa ja guda uku. A jikin bangon da ke fuskantar taga akwai tabo baƙi-baƙi mai ruwan ƙasa, tsayinsa daidai ƙuguna, samansa tudu-tudu kamar yadda buhuna suke jingina. Simintin ƙasa ya yi duhu a wurin, ya fara fashewa. Ƙofar falon ta sauka gefe ɗaya, sai an ɗaga ta take rufuwa.

Da la'asar Hajiya ta shigo yi mana gaisuwa da kwanon shinkafa da miya. Bayan ta yi addu'a ta tashi, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Umma, kamar abin da ta tuna a hanya, ruwa ne ya shiga shagon Alhaji, aka ɗan ajiye buhuna kwana biyu, ta san Umma ba za ta damu ba. Umma ta ce ba komai, Hajiya. Ni da ita kaɗai muka ji wannan maganar.

Washegari Baba ya tari Alhaji da zancen a tsakar gida, bayan sun dawo daga masallaci. Ina zaune ina wanke kwanuka. Baba bai iya fara shi kai tsaye ba, mutumin ya kusa haifarsa, kuma jiya-jiya ya yi wa mahaifiyar Baba addu'a. Sai ya bi ta hanyar da suka saba, ya ce ashe Damagarawa har ɗakin mutane suke noma albasa. Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce Bakano ya samu ƙamshi kyauta yana ƙorafi, su da miyarsu ba ta ganin albasa sai ranar salla. Baba ya mayar masa da wata. Suka rabu suna dariya. Iyakar ƙarar da muka kai ke nan.

Umma ta goge bangon da omo, ta goge da jabel, ruwan bilicin da ake wanki da shi, har fatar hannunta ta saɓule. Warin ya tafi bayan wata guda. Tabon yakan dushe da rani, in damina ta zo ya dawo. A ƙarshe ta jingina masa akwatunanmu. Ni a wurin nake zama in yi aikin gida, don haka na san shi kamar taswirar da ke bangon ajinmu, na san inda buhu na huɗu ya fi sauran tsayi.

Bayan shekara biyu mai gidan su Baba, ɗan kasuwar da yake yi wa aiki, ya mayar da sitonsa kusa da tashar jirgin ruwa a Treichville. Baba yakan fita tun asuba ya bi layin bas, ya dawo bayan isha ƙafafunsa a kumbure. Da ƙyar ya samo mana ciki da falo a Treichville ɗin, a unguwar da ake kira Biafra. A can ma hayar jaka arba'in ce, kuma dillalin ya ce sai an ba da hayar wata biyu da kosiyon na wata biyu. Baba ya tara na hayar, ya biya, aka ba shi makulli bisa sharaɗin zai kawo sauran jaka tamanin kafin ƙarshen wata, in ba haka ba akwai masu jira. Bai damu ba, tunda yana da tamanin ɗinsa a hannun Alhaji.

Umma ce ta tambaye shi, tana naɗe zannuwa, in Alhaji bai ba da duka ba fa? Baba ya ce zai bayar. Ta ce in bai bayar ba fa? Ta kalli keken, shi ma ya kalla, sannan kowa ya ci gaba da abin da yake yi. Akwai wani tela a bakin titi da ya daɗe yana taya keken, duk sanda ya zo aron zare sai ya shafa kan keken ya ce ba a ƙera irinsa yanzu. Ba mu da wani abin sayarwa da ya kai rabin kuɗin.

Ranar Asabar da hantsi muka fitar da kaya tsakar gida. Ni da Umma muka share ɗakin, muka goge taga, muka cire ƙusoshi. Alhaji ya zo da sandarsa da tabarau. Abin da na fara lura da shi shi ne bai ce Bakano ba. Malam ya ce. Shekara huɗu ban taɓa jin ya kira Baba da haka ba.

Ya ce tunda Malam mutum ne mai son takarda, yau za a yi takarda. Ya ce 'yar lakwal ta kawo biro. Na ciro falle biyu daga tsakiyar littafin lissafina, na durƙusa na ɗora a kan akwati. Shi zai faɗa da Hausa, ni in rubuta da Faransanci, don ta zama takarda ta gaske.

Ya fara da bango. Ya ɗora kan sandarsa a tsakiyar tabon ya ce fenti da gyara, jaka ashirin da biyar. Baba ya yi 'yar dariya, irin wadda yake yi in zai fara wasa.

"Alhaji, ai wannan albasar Damagaram ce."

"Wace albasa, Malam?"

"Lokacin da muka je ta'aziyya. Na yi maka magana a tsakar gida."

"Wasa ka yi mini, na yi maka," in ji Alhaji, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Da magana ce da ka zo ka same ni ka ce ga abin da ya faru. Shekara biyu ban ji ba. Ni dai na ba da ɗaki fari tas, akwai shaidu."

Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu tana tsintar shinkafa. Sanye take da rigar da Umma ta ɗinka mata da ƙaramar salla, mai aiki a wuya, wadda ta ci mata kwana uku. Umma ta kalle ta. Hajiya ta sami wata tsakuwa a cikin shinkafar, ta ɗauke ta a hankali, ta jefar, ta ci gaba da nema.

Maganar tana bakina. Na san yadda zan jera ta: ɓawo uku a bayan ƙofa, buhu bakwai a jingine, abin da Hajiya ta faɗa ranar da ta kawo shinkafa. Amma ban taɓa musa wa babba ba, ban ma taɓa yi wa Alhaji magana ba sai in ya tambaye ni. Kuma Umma da ta ji abin da na ji ba ta ce komai ba, Baba ya sunkuyar da kai. Na ji Alhaji ya ce, 'yar lakwal, rubuta. Na rubuta.

Siminti, jaka ashirin. Ƙofa da makulli, sha biyar. Kasonmu na kwashe masai, wanda bai taɓa ambata ba sai ranar, takwas. Ya ce in haɗa. Na haɗa sau biyu ina fatan in yi kuskure, sittin da takwas ne. Ya ce in cire daga tamanin, in rubuta a ƙasa cewa an duba ɗaki tare, an amince, ba sauran magana. Ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa, ya ce rubutuna kamar na inji. Baba ya sa hannu. Alhaji ya sa na kwafi ta biyu ya ba Baba, sannan ya ƙirgo jaka goma sha biyu.

Da muka loda kaya a mota ya rako mu har ƙofa, ya yi mana addu'a mai tsawo. Ya ce Bakano ya riƙa leƙowa, kada ya ga teku ya manta da iyayen gidansa. Baba ya ce in sha Allahu.

A Biafra wani abokin aikin Baba ya zo taya mu sauke kaya. Shi ne yake bin takardun fito da kaya a tashar jirgi, ya san hukuma. Da ya ji labari ya ce a ba shi takardar. Ya karanta a tsaye, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya ce doka ba ta bar mai gida ya yanke abin da ya ga dama ba, sai ya nuna abin da aka ɓata da abin da gyaran ya ci, kuma tsufan ɗaki ba a kan ɗan haya yake ba. Ya ce da an rubuta halin ɗakin ranar shiga, ko da an kira mutum biyu sun ga buhunan albasa ko ɓarnarsu a lokacin, da magana ta ƙare. Sannan ya buga layin ƙarshe da yatsa ya ce amma wannan ya ɗaure ka. Ya tambaya wa ya rubuta.

Ina tsaye a gefensa riƙe da tukunya. Baba ya ce wata yarinya ce a gidan.

Mutumin ya ce duk da haka a gwada kai ƙara, shi zai raka shi. Baba ya girgiza kai. Ya ce ba zai tsaya gaban hukuma da sa'an mahaifinsa ba, kuma rabin masu sayen kayan mai gidansu a masallacin Alhaji suke salla. Me za a ce? A ce Bakano ya kai abokin wasansa ƙara a kan fenti.

Ranar Talata telan ya zo daga Adjamé da motar haya. Tun da safe Umma ta goge keken, ta ɗiga masa mai a duk inda take ɗigawa, ta kwashe allurai da maɓallai daga ɗan aljihunsa ta zuba a gwangwani. Kwana uku kacal ya yi a sabon ɗakin, ba a ko ɗinka komai da shi ba. Telan ya zauna ya gwada shi da ƙyalle, ya kasa kunne yana sauraron tafiyarsa, ya ce lafiya lau. Jaka saba'in ya biya. Shi da direba suka ɗauka, ƙafar keken ta bugi dokin ƙofa, Umma ta ce a hankali. Da yamma Baba ya kai wa dillali kuɗinsa, ya dawo da rasit mai hatimi.

Yanzu zoɓo Umma take ƙullawa a leda, tana ajiyewa a firjin maƙwabciya, ana raba riba. Hannunta ya yi ja har farce. In ta zauna a kan kujera tana hutawa, ƙafarta ta dama takan riƙa motsi sama da ƙasa, ba ta sani ba. Rigar makarantata ta bana a kasuwa aka saya, ta yi mini yawa a kafaɗa, Umma ta rage ta da allurar hannu.

Ban canja makaranta ba sai ƙarshen shekara, don haka na ci gaba da hawa bas zuwa wajen unguwar 220 Logements a Adjamé kowace safiya. 'Yar ajinmu da take zaune a ƙofa ta shida a gidan Alhaji ta ce mini kwana huɗu da tashinmu wasu suka shiga ɗakin. Na tambaye ta ko an yi fenti. Ta ce wane fenti, kabad suka jingina a wurin. Ƙofar ma har yanzu sai an ɗaga ta. Ban gaya wa Umma ba.

Ba wanda ya taɓa ce mini laifina ne. Baba bai sake ambaton takardar ba, tana cikin jakarsa tare da katin zama. Amma ni na san shekara huɗu muka yi a gidan Alhaji, takarda ɗaya tak aka rubuta tsakaninmu da Alhaji, kuma da birona ne, a kan fallen littafin da keken Umma ya saya.

Wata biyu bayan haka aka yi babbar salla. Ba mu yi yanka ba. Mai gidan su Baba ne ya aiko mana da cinya guda da haƙarƙari. Umma ta shimfiɗa leda a ƙasa tana yankawa, ina riƙe mata. Baba ya tsuguna ya zaɓi tsoka mai kyau, wadda ba ƙashi, ya ware gefe. Ya ce wannan ta Alhaji ce, ba a yanke zumunci a kan abin duniya, kada ya ce Bakano ya yi fushi. Umma ba ta ɗaga kai ba, wuƙarta kawai ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba.

Ya ƙulla naman a baƙar leda, ya ciro kuɗin bas ya ɗora a kai, ya miƙo mini. Ya ce na san hanya, in gaida Alhaji da Hajiya, in ce yana nan tafe.

Ban taɓa ƙin aike ba tunda nake. Na goge hannuna a zani, na tashi tsaye, amma ban karɓi ledar ba. Muryata ta fito ƙarama, sai da na maimaita kafin ya ji.

"Baba, don Allah ka aiki wani."